Alƙaluman aikin yi: wanne ya kamata yanki ya dogara da shi kafin ya zuba kuɗi?

Na taɓa zama a wani kwamiti da aka ɗora wa nauyin tsara yadda za a kashe kuɗin koyar da sana'o'i a wani yanki. An ɗauko mana wani ƙwararre, ya haska taswira a bango, launuka tsaf, ko'ina ka taɓa sai lambobi su fito. Ya ce ya tattaro duk tallan guraben aiki da aka yi a intanet cikin shekara guda, kuma ga inda buƙata take: masu rubuta manhajar kwamfuta, akantoci, jami'an tallan kaya. Kowa na gyaɗa kai. Can sai wata mata mai kula da cibiyar koyon sana'a, wadda tun safe ba ta ce uffan ba, ta ɗaga hannu ta ce, "Ranka ya daɗe, mai walda da mai gyaran famfo da tela, a wane shafin intanet ake cigiyarsu?" Ɗakin ya yi tsit.

Mutumin nan bai yi ƙarya ba. Abin da komarsa ta kama ya kawo. Matsalar ita ce idon komar, domin kowace hanyar tattara bayanan aikin yi tana da abin da take kamawa da abin da ke sulalewa ta cikinta. Gwamnatin jiha, ko lardi, ko hukumar raya wani yanki, da wuya ta sami kuɗin da za ta bi dukkan hanyoyin lokaci ɗaya, don haka dole ta zaɓi wadda za ta zama ginshiƙi, sauran su zama 'yan rakiya. Hanyoyin da ake bi huɗu ne: binciken gida-gida, kundin hukumomi irin na haraji da fansho, tallan aiki a intanet, da kuma jin ta bakin masu ɗaukar ma'aikata.

Binciken gida-gida

Wannan shi ne tsohon hannu. Hukumar ƙididdiga takan zaɓi gidaje bisa tsari, ta aika ma'aikacinta ya zauna da mutanen gidan ya tambaye su abin da kowa ya yi a makon da ya wuce: ya yi aiki? Na wa? Awa nawa? In bai yi ba, ya nema? A Amurka ana tuntuɓar gidaje kusan 60,000 kowane wata, kuma daga nan ne adadin marasa aikin yi da ake jin sa a labarai yake fitowa. Afirka ta Kudu tana yin nata duk wata uku tun 2008, Indiya ta fara sabon tsarinta a 2017, ƙasashen Tarayyar Turai kuma suna yi da tambayoyi masu kama da juna domin a iya kwatanta yanki da yanki.

Babban abin da ya fi sauran da shi shi ne yana ganin kowa. Matar da ke sana'a a cikin gida, saurayin da ke koyon aiki a hannun maigidansa ba tare da wata takarda ba, manomin da ke komawa aikin gini da rani, wanda ya gaji da nema ya zauna, duk suna shiga. Wannan ba ƙaramin abu ba ne in aka tuna da ƙiyasin da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, ta fitar a 2018, cewa mutum biliyan biyu, wato kashi 61 cikin 100 na masu aiki a duniya, suna aiki ne ba tare da rajista ko kariyar doka ba. A Afirka adadin ya kai kusan kashi 86, a Asiya da yankin Fasifik kusan 68. Duk yankin da yake cikin irin wannan hali, kuma ya ce zai yi tsari ba tare da ya shiga gidaje ba, to ƙalilan ɗin mutanensa kawai yake yi wa tsari.

Sai dai akwai tarko biyu, kuma na ga mutane masu ilimi sun faɗa cikinsu.

Na farko ma'anar kalmar "mai aiki". A mizanin duniya, duk wanda ya yi aiki ko da na awa ɗaya ne a mako don samun kuɗi ko riba, mai aiki ne. Marar aiki kuwa sai wanda bai yi komai ba, yana nema, kuma a shirye yake ya fara. Taron masana ƙididdigar ƙwadago na ILO karo na 19, a 2013, ya ƙara tace ma'anar, ya ware noman da mutum yake yi don cin gidansa kaɗai zuwa wani rukuni na daban. Abin da hakan ke haifarwa shi ne, a wurin da babu alawus na marasa aiki, talaka ba shi da halin zama "marar aiki", dole ya taɓa wani abu, sai adadin ya fito ɗan ƙarami alhali mutane na cikin matsi. Najeriya ta ga yadda ma'ana ke juya lamba: a ƙarshen 2020 hukumar ƙididdigarta ta ce kashi 33.3 ba su da aiki, lokacin da take lissafa duk wanda bai kai awa 20 a mako ba a cikin marasa aiki. Da ta koma mizanin awa ɗaya, sai adadin farkon 2023 ya fito kashi 4.1. Ba masana'antu aka buɗe a tsakani ba, mudun ne ya canza. Saboda haka mai tsara ci gaban yanki kada ya kafa ido a kan wannan lamba guda. Ya nemi a fitar masa da awannin da ake yi, da abin da ake samu, da yawan masu son ƙarin aiki ba su samu ba, da yawan matasan da ba sa makaranta ba sa aiki ba sa koyon sana'a, da kuma rabon mata a cikin kowanne. Duk waɗannan suna cikin takardar tambayar, sau da yawa ba a buga su ne kawai.

Tarko na biyu ya fi shafar yankuna kai tsaye. An tsara yawancin waɗannan bincike ne don su ba da amsa a kan ƙasa baki ɗaya, ko manyan shiyyoyinta. Da zarar ka yanko ɗan yankinka, sai ka tarar gidajen da aka shiga a cikinsa ba su taka kara sun karya ba. Ga lissafi mai sauƙi. A ce mutum 400 aka samu a yankinka masu aiki ko neman aiki, 40 daga cikinsu ba su da shi. Kashi 10 ke nan. Amma a ƙa'idar ƙididdiga, gaskiyar tana iya zama ko'ina tsakanin kusan 7 da 13, kuma a aikace tazarar takan fi haka faɗi tun da gidajen a rukuni-rukuni ake zaɓar su. In baɗi lambar ta fito 12, babu wanda zai iya rantsuwa cewa rashin aiki ya ƙaru. Amma za ka ga an kira taron manema labarai a kai. Kuma rage wannan tazara da rabi yana buƙatar ninka yawan mutanen sau huɗu, daga 400 zuwa 1,600. A nan kuɗin yake tafiya. In kuma ka ce a raba maka 400 ɗin nan sana'a-sana'a, za ka ƙare da masu gyaran lantarki biyar ko shida, ka ce da su za ka yanke shawarar gina cibiya.

Maganin da aka saba uku ne. Ko dai yankin ya biya hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ƙara yawan gidajen da take shiga a cikinsa, kamar yadda gwamnatocin Scotland da Wales suke yi a Birtaniya, ko a haɗa sakamakon zagaye huɗu na binciken ko na shekara biyu wuri guda, ko kuma a yi amfani da dabarar lissafi da ke gauraya binciken da ƙidayar jama'a don ƙiyasta ƙananan wurare. Na farkon ya fi tsada, kuma shi na fi yarda da shi. Abin da ba na ba da shawara shi ne yanki ya ƙirƙiro nasa binciken daga tushe da tambayoyin da wani ya rubuta a daren jiya. Za a kashe kuɗi, a fito da lambar da ba za a iya jera ta da ta kowa ba.

A kuma sani cewa shi ma wannan ginshiƙi yana iya tsagewa. A watan Oktoba na 2023 ofishin ƙididdigar Birtaniya ya dakatar da fitar da wasu alƙaluman binciken nasa, saboda masu amsawa sun ragu har ba a amince da sakamakon ba. In ƙasa mai irin wannan gogewa ta gamu da haka, to wajibi ne duk wanda aka kawo wa rahoto ya tambaya: gida nawa aka nufa, nawa suka amsa?

Kundin hukumomi

Kowane wata kamfanoni suna miƙa wa hukumomi sunayen ma'aikatansu da albashinsu, don haraji ko fansho ko inshorar rashin aiki. Ba don ƙididdiga aka tara su ba, amma in aka tsaftace su, babu abin da ya kai su ƙwaƙƙwafi. Ba zaɓen wasu aka yi ba, kowa da ke cikin rajista yana ciki, don haka matsalar ƙarancin mutane ta kau. Amurka tana da irin wannan kundi da ake haɗawa duk wata uku daga takardun inshorar rashin aiki, yana ɗauke da sama da kashi 95 na ayyukan albashi, kuma ana iya duba shi gunduma-gunduma, masana'anta-masana'anta. Burazil tana da RAIS tun 1975, wanda ke nuna ma'aikatan da ke da rajista a kowace ƙaramar hukuma. A Jamus, cibiyar bincike ta hukumar samar da aiki da ke Nuremberg tana aiki da bayanan inshorar ma'aikata na shekaru masu yawa. Denmark ta yi nisa har ta gudanar da ƙidayar jama'arta ta 1981 daga kundi zalla, ba tare da an buga ƙofar kowa ba.

Irin ƙarfin da kundi yake da shi ya fito fili a Agustan 2024, lokacin da hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka ta gwada ƙiyasinta na wata-wata, wanda take samu daga binciken wuraren aiki ba na gidaje ba, da wannan kundi, ta sanar a matakin farko cewa ayyukan da ta lissafa zuwa Maris na shekarar sun zarce na gaskiya da kusan 818,000. Kundi ne alƙalin, bincike kuma shi aka gyara.

Akwai kuma wani amfani da kundi ya fi sauran hanyoyin nan bayarwa: bin mutum ɗaya shekara da shekaru. In yanki ya horar da matasa, ana iya duba nawa ne suka shiga rajistar albashi bayan wata shida, nawa suke ciki bayan shekara uku, albashinsu ya ɗaga ko yana nan, sun zauna a yankin ko sun tafi. Wannan ita ce amsar tambayar da kowane mai riƙe da baitulmali ya kamata ya yi kafin ya sake sa hannu a kasafin horo.

Amma kundi makaho ne ga duk wanda ba shi da rajista, kuma bai san ma ya makance ba. A yankin da mutum takwas cikin goma ke aiki a wajen rajista, kundi hoton mutum biyu ne, yawancinsu ma'aikatan gwamnati da na manyan kamfanoni. Akwai kuma ruɗin da ke tattare da shigowa rajista. Indiya ta fara buga adadin sababbin masu shiga asusun fansho na ma'aikata wata-wata a 2018, kuma tun daga lokacin ake muhawara a kan nawa ne sabon aiki a ciki, nawa ne tsohon aiki da aka yi wa rajista yanzu. Duka biyun alheri ne, amma ba abu ɗaya ba ne, kuma ɗan siyasa zai so ya kira su duka sabon aiki.

Wani abin da ya fi cutar da yankuna shi ne adireshin hedikwata. Kamfani yana da masana'anta a lardi mai nisa, amma albashin duk ma'aikatansa daga ofishinsa na babban birni ake biya, a can kuma ake miƙa takardun. A kundi sai babban birni ya kumbura, lardin da ake zufa a cikinsa ya fito fayau. Kafin a amince da duk wata taswira da aka zana daga bayanan haraji, a tambaya ko an raba ma'aikata bisa reshen da suke aiki ko bisa inda kamfanin ya yi rajista. Sannan kundi yakan makara da watanni, yakan faɗi masana'anta amma ba kullum yake faɗin sana'ar mutum a cikinta ba, kuma samun sa ma aiki ne: hukumar haraji ba ta sakin bayananta da sauƙi, kuma tana da gaskiya, domin sirrin mutane ne. Sai an yi yarjejeniya a rubuce, an cire sunaye, an ɓoye duk rukunin da mutanensa suka yi kaɗan har za a iya gane su. Wannan kan ɗauki shekara, wani lokaci fiye. Kuɗinsa kaɗan ne, haƙurinsa ne mai yawa.

Tallan aiki a intanet

Shi ne ɗan gaban goshin wannan zamani, kuma ba banza ba. Manhaja ce ke zagaya shafukan neman aiki tana kwashe tallace-tallace, tana karanta abin da aka rubuta a ciki. Cibiyar Cedefop ta Tarayyar Turai, mai kula da harkar koyar da sana'o'i, tana yin haka ga ƙasashen ƙungiyar, gwamnatin Ostireliya tana buga adadin tallan intanet wata-wata har zuwa matakin yankuna, kamfanoni kuma irin su Lightcast, wanda ya samo asali daga haɗewar Emsi da Burning Glass a 2021, suna sayar da irin waɗannan bayanai. LinkedIn da Indeed ma suna fitar da nasu. A 2020, lokacin da annobar korona ta rufe duniya, waɗannan alƙaluma ne suka riƙa nuna faɗuwar neman ma'aikata mako-mako, tun kafin rahotannin hukuma su iso.

Bayan sauri, suna da wani abu guda: suna faɗin takamaimiyar ƙwarewa. Bincike zai ce maka ana da injiniyoyi kaza, talla kuwa zai ce wace manhaja ake so injiniyan ya iya, wace takardar shaida ake nema. Ga kwalejin da ke son sabunta manhajar karatunta, wannan zinariya ce.

Illarsa ita ce wadda matar nan ta taɓo. Aikin da ake tallatawa a intanet ya karkata ga masu digiri, ga birane, ga manyan kamfanoni. Ko a ƙasashe masu arziki, aikin gini da na gona da na ƙananan shaguna ta hanyar sani da baki ake cike yawancinsu. Ƙari a kan haka, talla ba gurbi ba ne. Talla ɗaya yakan bayyana a shafuka biyar, sai an tace. Wani tallan na mutum hamsin ne, wani kuma an bar shi a rataye bayan an ɗauki mutum tuntuni. Sana'ar da ma'aikata ke yawan gudu daga gare ta takan cika shafi da talla, ba don tana bunƙasa ba sai don ba a zama a cikinta. In sabon shafi ya buɗe ko tsoho ya rufe, layin zai yi sama ko ƙasa ba tare da komai ya faru a kasuwa ba. Kuma kuɗin rajistarsa na shekara-shekara ne, ranar da ka daina biya allon ya mutu, ba a bar maka komai a hannu ba.

Jin ta bakin masu ɗaukar aiki

Wannan ya fi kowanne sauƙin fahimta: ka je ka tambayi masu kamfani wa suke nema. Faransa tana yin sa duk shekara ta hannun hukumarta ta samar da aiki, wadda ta koma France Travail a farkon 2024, tana tambayar kamfanoni wa suke shirin ɗauka da kuma inda suke hangen wahala, a buga sakamakon yanki-yanki. Bankin Duniya ma yana da nasa binciken na kamfanoni, amma a lura, na yau da kullum ɗin yana farawa ne daga kamfani mai rajista da ke da ma'aikata biyar zuwa sama, ƙananan da marasa rajista sai an yi musu na daban.

Abin da na koya a nan shi ne, in ka tambayi mai kamfani ko yana fama da ƙarancin ƙwararru, amsar e ce kusan kullum. Wa zai ƙi a horar masa da ma'aikata da kuɗin gwamnati? Sau da yawa abin da yake nufi shi ne babu ƙwararru a kan albashin da yake son biya. Ma'aunin gaskiya shi ne lada: in da gaske masu walda sun yi ƙaranci, kuɗin aikinsu zai hau, gurbin zai daɗe a buɗe, kamfanoni za su fara sace wa juna ma'aikata. Don haka a bar tambayar ra'ayi, a tambayi abin da ya faru. Mutum na ƙarshe da ka ɗauka, wane aiki? Ta ina ka same shi? Kwana nawa ka yi kana nema? Nawa ka fara ba shi, kuma nawa kake ba mai irin aikinsa shekara biyu da suka wuce? Me ka koya masa da kanka bayan ya zo? Amsa ta ƙarshen nan ita ce manhajar da cibiyar horo take nema.

Ina ne ma "yankin"?

Kafin a zaɓi ko ɗaya, akwai tambayar da ake yawan tsallakewa. Iyakar mulki daban, iyakar kasuwar aiki daban. Mutum yana kwana a wannan gunduma, yana aiki a waccan. Binciken gida-gida yana ƙirga shi inda yake kwana, kundin albashi yana ƙirga shi inda yake aiki, don haka lambobin biyu za su saɓa ba tare da wani ya yi kuskure ba. Birtaniya ta zana yankunan zirga-zirgar aiki 228 daga ƙidayar 2011, bisa ƙa'idar cewa aƙalla kashi 75 na ma'aikatan da ke zaune a yanki a cikinsa suke aiki, haka kuma kashi 75 na masu aiki a cikinsa mazauna ne. A Amurka, masana tattalin arziki David Autor da David Dorn da Gordon Hanson sun yi amfani da irin waɗannan yankuna 722 a bincikensu na 2013 kan tasirin kayan China, suka nuna cewa asarar ayyukan masana'antu ta taru ne a wasu wurare, kuma mutanen ba su yi saurin tashi su koma wani wuri ba kamar yadda ake zato. Alƙaluman ƙasa baki ɗaya sun lulluɓe wannan ciwo. In gundumomi uku kasuwa ɗaya ce, gara su haɗa kuɗi su sayi bayani ɗaya, maimakon kowace ta gina cibiyar koyon sana'a iri ɗaya.

Sannan duk hanyar da aka bi, akwai awon da za a kawo maka a rahoto, wanda ke gwada rabon wata masana'anta a yankinka da rabonta a ƙasa. A ce kashi 12 na ma'aikatanka suna sarrafa amfanin gona, a ƙasa kuma kashi 4 ne, to awonka 3, wato ka ninka ƙasa sau uku. Yana nuna inda ƙarfinka yake a yau, bai ce komai ba a kan gobe. Da an yi wannan awo a yankin Ruhr na Jamus a shekarun 1950, da kwal da ƙarfe ya nuna da babbar murya. Amma ayyukan kwal sun yi ta raguwa har aka rufe mahaƙar ƙarshe a Bottrop a Disambar 2018, kuma cikin abubuwan da suka tallafi yankin akwai jami'o'in da aka kafa, irin ta Bochum da ta fara karatu a 1965. Don haka a haɗa awon da tarihin shekara biyar ko goma, a ga ko masana'antar tana girma a ƙasa da duniya, a kuma duba waɗanne sana'o'i ne ma'aikatanta za su iya tsallakawa zuwa gare su da ɗan ƙarin horo.

To, wanne?

Ya danganta da yawan mutanenka da ke cikin rajista, da kuma shawarar da ke gabanka. Yankin da yawancin ma'aikatansa ba su da rajista, ni a ganina ba shi da zaɓin da ya wuce binciken gida-gida mai ƙarin gidaje, ko da sau ɗaya ne a shekara biyu. Ya haɗa da zagayen ƙananan wuraren sana'a, a raba gari unguwa-unguwa a taswira, a zaɓi wasu, a ƙirga duk mai sana'a da ke ciki. Kundin haraji ya zo a na uku, don ganin manyan kamfanoni. Tallan intanet kuwa, in kyauta ne a leƙa, in na kuɗi ne a bari tukuna.

Yankin da rajistarsa ta kama yawancin ma'aikata, kundi ne ginshiƙinsa, kuma kuɗin da zai kashe na ɗaukar mutum biyu ko uku ne da suka iya sarrafa shi, da lauyan da zai rubuta yarjejeniyar musayar bayanai. Binciken ƙasa ya ishe shi ganin waɗanda suka fice daga kasuwar. Babban birni mai kamfanonin fasaha da bankuna da asibitoci shi ne inda tallan intanet ke biyan kuɗinsa, musamman in tambayar ita ce me za a koyar a zango mai zuwa.

In kuma burin jawo masu zuba jari ne, to tambayar ta juya: ba wa ake nema ba, wa kuke da shi. Lokacin da Amazon ta nemi wurin hedikwatarta ta biyu a 2017, wurare 238 suka nema, kuma Arlington ta jihar Virginia, wadda aka zaɓa a 2018, ta yi fice ne da yawan ƙwararrun da ke kewayenta da alƙawarin jihar na ƙara yawan masu kammala karatun kwamfuta, duk da cewa wasu sun yi tayin rangwamen haraji da ya fi nata. Mai jari yana son sanin masu sana'a kaza nawa ne za su iya isa ƙofar masana'antarsa cikin awa guda, nawa ake yayewa duk shekara, nawa ake biyansu. Amsar tana cikin ƙidayar jama'a da kundi da rajistar makarantu, talla ba ya ba da ita.

Ko wace hanya aka ɗauka, a sa a cikin kwangila cewa za a jera sana'o'i bisa tsarin ILO na 2008, mai ƙananan rukunai 436, ko tsarin ƙasa da ke daidaita da shi, kuma ɗanyen bayanin mallakar yankin ne, ba rahoton kaɗai ba. Na ga inda aka biya kuɗin bincike, bayan shekara biyu aka so sake duba wani abu, aka tarar bayanan sun tafi da kwamfutar wanda ya yi aikin.

Kwamitin namu bai sayi allon launukan ba. Abin da muka fara da shi ya fi haka araha nesa: muka ɗauko rajistar waɗanda cibiyoyin suka yaye a shekaru uku na baya, muka sa a buga musu waya ɗaya bayan ɗaya, a tambaye su me suke yi yanzu, da abin da suka koya suke ci ko da wani abu, a ina, kuma wa ya ɗauke su. Wahalar da muka sha ita ce layuka da yawa sun mutu, kuma mun san waɗanda ba a samu ba ɗin ba lalle su yi kama da waɗanda aka samu ba. Matar nan ce ta sake kawo gyara. Ta ce daga yanzu, ranar da yaro ya zo yin rajista, a karɓi lambarsa, a karɓi ta mahaifiyarsa ko yayansa, a kuma rubuta a takardar cewa ya yarda a kira shi bayan wata shida da bayan shekara biyu.